Robar Auta a Bakin Zobe

Har yau in na ga tiyon ban ruwa an ɗaure shi da roba, raina ɓaci yake yi. Ban huce ba, kuma ba na shirin hucewa.

Autarmu tana digiri na biyu a kimiyyar sinadarai, tana zaune wurina a Dutsin-Ma. Aikinta shi ne haɗa wata irin roba da lantarki ke bi ta cikinta, a kunna a kashe, kamar ƙwaƙwalwar da ke cikin waya. Ta waya tauri gare ta, ana lanƙwasawa ta karye. Ita tata a ja ta, ta miƙe, ta koma, wuta ba ta yanke ba. Burinta a manna wa mutum ita a tsintsiyar hannu ta riƙa faɗin bugun zuciya. Innarmu da ke Kurfi tana fama da hawan jini, kuma Auta ta yi mata alkawari ita za a fara ɗaura wa.

Na ga wahalar yarinyar nan. Wannan haɗin ya miƙe amma wuta ba ta bi, wancan wuta ta bi amma ya tsage. Ga ɗauke wuta a tsakiyar aiki. Da ƙyar wasu 'yan zirin roba shuɗaye suka fito daidai, ta jera su a gwangwanin alewa ta sa a firjina, tana jiran ranar da za ta nuna wa malamanta. In babu su, babu digiri a shekarar.

Sai ga Yaya, babban wanmu, ya biyo daga Kurfi za shi gonarsa ta rani a bakin madatsar ruwa ta Zobe. Ya buɗe firji neman ruwa, ya ga gwangwani, ya ja ziri ɗaya ya ga yana miƙewa. Tiyon injinsa na ban ruwa na yoyo. Ya kwashe ya zuba aljihu. Tambaya? Haba! A gidanmu yaushe babba ya taɓa tambayar kayan ƙarami?

Da Auta ta buɗe gwangwani ta ga wayam, muka hau mashin muka bi shi. Muka tarar ya naɗe su a tiyo, duk laka, rabi sun tsinke suna yawo a kwalbati. Auta ta tsaya kamar an dasa ta. Shi kuwa ya ɗago ya ce, "Ke Auta, wannan robar taki ba ta da ƙwari ko kaɗan. Gara tsohon tif na keke."

Nan ta fashe. "Yaya, ka kashe ni! Shekarata ce ka ɗaure tiyo da ita!"

Wannan ɗaga muryar ita ta zama laifin. Kafin la'asar magana ta kai Kurfi, aka kira mu. Ba wanda ya tambayi abin da aka ɓata. Kawu cewa ya yi, "A kan roba? Boko ya ɓata yarinya." Na buɗe baki, aka ce in yi shiru, ni ma ƙanwa ce. Ina ji ina gani Auta ta durƙusa ta ba Yaya haƙuri, shi kuma ya ce ya yafe mata. Ya yafe mata, jama'a!

Shekarar ta wuce ta, abokan karatunta suka gama suka bar ta.

Da sallah muka je gida. Inna ta miƙo mata hannunta da ya kumbura ta ce, "Auta, ina abin nan da kika ce za ki ɗaura mini?"

Auta ta riƙe hannun ta ce, "Yana Zobe, Inna. Yaya ya ɗaura wa injinsa."