Hutun da Na Auna Gonar Babana

Akwai wani hutun makaranta da ko na so in manta da shi ba zai mantu ba. Shekaru sun ja, furfura ta cika mini kai, amma wallahi duk sanda ya faɗo mini sai na ji zuciyata tana tafasa.

Ina aji uku a wata sakandaren kwana a Talata Mafara lokacin. Malaminmu na lissafi baƙo ne, kuma ya iya aikinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai bai taɓa taka ƙauyen ko ɗayanmu ba. Ana gobe hutu ya raba mana sababbin littattafan giraf, masu koren layi a tsaye da kwance, ya ce kowa ya je ya auna gonar ubansa da igiya, ya zana ta a ciki, ya ƙirga 'yan gidajen ya fitar da faɗinta. Ni uban son lissafi har murna nake yi.

Abin da malam bai sani ba, bai kuma tambaya ba, shi ne a shekarun nan na aikin dam ɗin Bakolori babu abin da manomi ya ƙi jinin gani kamar mutum da takarda yana awo a gona. Daga Maradun har wajenmu, can bayan Bakura, kowa ya san yadda abin yake tafiya. Masu safiyo su zo su auna, su kafa turaku, sai a ce maka bana kada ka yi shuka. Ba su iso ƙauyenmu ba tukuna, amma kowa da fargabarsu yake kwana.

Wata safiya na ɗauki igiyar gugan Inna na nufi gona abina, ko Baba ban faɗa wa ba. Ina ja ina rubutawa, sai ga maƙwabcinmu na gona, dattijon da ya san ni tun ina rarrafe. Na durƙusa na ce, "Baba, an tashi lahiya?" Bai amsa ba, sai ya ce, "Kai, mi kaka yi nan?" Na ce aikin makaranta ne. Ya fizge littafin ya ƙura masa ido, ya ce, "Irin wagga takarda na gani hannun masu turaku a Maradun. Ashe cikin gida muka renon su!" Ya cusa shi a aljihu ya juya.

Bayan la'asar aka kira ni da Baba ƙofar mai gari. Babana kuwa ba ƙaramin mutum ba ne a ƙauyen. Idan an yi rikicin iyakar gona shi ake kira, abin da ya faɗa shi ke nan, don an yarda ba ya ƙarya. Ranar sai ga shi a zaune a ƙasa, littafina yana yawo daga hannu zuwa hannu. Wani ya ɗora yatsa a kan layukan ya ce kowane ɗan gida da ke cikin takardar gonar mutum ce, an riga an yanka an gama. Na ce, "Wallahi ko a kasuwar Mafara ana sayar da irinsa!" Aka daka mini tsawa, "Yi muna shiru, ɗan boko!"

Baba ya miƙe ya karɓi littafin. Bai kalle ni ba. Ya yayyaga shi a gabansu, ya watsa a wutar wani mai tsire da ke gefe, ya ce, "Na rantse da Allah ban san da wanga aiki ba, kuma ba a aiko ɗana ba." Na ɗauka magana ta mutu. Sai dattijon nan ya ce, "To, wa ya san nawa ya riga ya kai musu?" Ina jin maganar nan a kunnena har gobe.

Da muka koma makaranta na yi wa malam bayani tiryan-tiryan. Kun san abin da ya yi? Dariya! Ya juya ga 'yan aji ya ce wai mutanen garinmu tsoron takarda suke yi, sannan ya zuba mini bulala don ban kawo aiki ba. Tsoron takarda? Haba malam! Mutanen da suka ga an bi takarda an raba 'yan uwansu da gonakin kakanni, su ne abin dariya? Bulalar ba ta yi mini zafi kamar dariyar ba.

Da rani masu safiyo suka iso ƙauyenmu, kamar yadda suke bin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya. Gonarmu ma sun kafa mata turaku kamar ta kowa, amma ina! Cewa aka yi ni na kawo su. Daga nan ba a sake kiran Baba sulhu ba. In ya iso majalisa sai hira ta mutu, har ya daina fita sai masallaci. Gidanmu ya koma "gidan masu awo", kuma da wannan sunan Baba ya rasu. Bai taɓa ce mini laifina ne ba. Ranar ta'aziyya dattijon nan ya zo ya zauna, babu kunya babu tsoron Allah, yana cewa marigayi mutumin kirki ne. Kawuna ne ya riƙe mini hannu, ba don haka ba da na faɗa masa abin da ke raina.

Abin da na koya shi ne, idan tsoro ya kama jama'a kuma hannunsu bai kai ga wanda ya cuce su ba, na kusa da su suke dannewa. Daga baya ni ma na koyar da lissafi, kuma ban taɓa ba yaro aikin da zai kai gida ba sai na tambaye shi halin da gidan yake ciki. Da malaminmu ya yi mana wannan tambayar, da babana ya mutu da mutuncinsa.