Dangwalen da Ya Raba Ni da Sunana

Wata rana, a motar Funtuwa zuwa Gusau, Allah ya zaunar da ni kusa da wata mata da har yau ban san sunanta ba.

Amma bari ku fara sanina tukuna.

Ni ce Tabawa mai yaji. Shekara ashirin da biyu ina daka. Boko kam ban yi ba. Rubutun Hausar nan ma da girmana na tsince shi a ajin yaƙi da jahilci, da yatsa ɗaya nake latsa muku shi a waya. In kun ga kuskure ku wuce.

Ciniki kuwa, ba a haifi wanda zai kwantar da ni ba. Haka nake faɗa a da.

Maigidana Malam Ila, Allah ya jiƙansa, shi ya rubuta min allo da jan fenti ya kafa a ƙofar gida: YAJIN TABAWA. Wata bakwai bayan haka ya rasu. Bai bar min gona ba, bai bar min shago ba. Allon nan ya bari, da turmi biyu.

Da sunan nan na ci, da shi na sha, da shi na aurar da 'ya'ya uku.

Sai wani Alhaji mai babban kanti ya aiko min manajansa, wai suna son yajina a kwalba, a jera a kanta.

Kwana uku muna ciniki. Ya taya, na ce albarka. Ya tafi, ya dawo. Na ce masa citta da kanumfari ba a kan titi nake tsintarsu ba, kuma kafaɗar da ke ɗaga taɓarya tawa ce ba tasa ba. A rana ta uku ya sallama a farashina, ko sisi ban rage ba. Yana share gumi yana cewa bai taɓa gamuwa da mace mai taurina ba.

Kaina ya kumbura. Ba zan ɓoye ba.

Washegari na je ofishinsu. Takarda ce shafi huɗu, duk Turanci. Ga wani dattijo da aka kira shaida, ga ma'aikatan kantin suna shiga suna fita, ɗaya ma surukar maƙwabciyata ce.

Manajan ya ce in zauna ya karanta min, ya fassara.

A gaban mutanen nan?

Na ce masa ba sai ya wahala ba, abin da muka yi magana ai na san shi, kuma na bar barkono a shanya. Lamba dai na iya. Na bi takardar da ido har na ga kuɗin da muka tsayar, na sa yatsa a tawada na dangwala.

Ko minti biyar ban yi ba.

Shekara guda lafiya lau. Sai wani kanti a Gusau ya nemi yajina, na aika masa. Mako biyu da haka aka kawo min wasiƙa mai hatimi. Ban iya karanta ta ba, amma wanda ya kawo ya ce daga lauya ce.

Kwana tara tana cikin jakata, naɗe a leda tare da waccan takardar. Ban nuna wa kowa a unguwa ba. Ta yaya? Ni da nake koya wa mata ciniki?

Ranar da zan je bikin suna a Gusau, sai ga matar nan kusa da ni, da tabarau, tana duba wasu takardu a cinyarta. Na ce a raina: wannan ba ta san ni ba, in ta sauka shi ke nan, ba za ta kai labarina ko'ina ba.

Na miƙa mata. Na ce idona ne ke ciwo.

Ta kalle ni, ta karɓa.

Tun daga 'Yankara take karatu har muka kusa Tsafe. Sannan ta gaya min ita lauya ce a wani kamfani, aikinta ke nan duba irin waɗannan takardu kafin a sa hannu. Ta yi min bayani a hankali, ƙasa ƙasa, don kada na baya su ji.

Wai na amince shekara biyar ba zan sayar wa wani kanti ba sai nasu. Wai sunan Yajin Tabawa na sallama musu, wasiƙar ta ce har sun yi masa rajista. Kuma a shafin ƙarshe, daidai saman dangwalena, an rubuta cewa an yi min bayani da Hausa na gane, ga sa hannun shaida.

Ta juyo ta dube ni.

"Inna, da gaske an karanta miki?"

"An ce za a karanta. Ni na hana."

"Don me?"

"Kada a ce ban iya ba."

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Kwana uku kika yi kina ciniki a kan layi ɗaya, Inna. Sauran layukan duk kyauta kika ba su."

Na juya ina kallon gonaki ta taga.

Ta ce kada in ɗauka rashin boko ne ya kayar da ni. A ofishinsu ma masu digiri haka suke yi, likita da injiniya, su duba albashi ko farashi su rattaba hannu, sai abu ya ɓaci su zo suna cewa ba su sani ba. Ta ce doka takan tsaya wa wanda bai iya karatu ba in an rufe shi, amma ni da bakina na ture kariyar a gaban shaida. Ta ce duk abin da ke cikin takarda abin ciniki ne: shekarun, sunan, har yadda mutum zai fita in ya gaji. Da na tsaya musu a kan suna yadda na tsaya a kan kuɗi, mai yiwuwa da sun bar min.

Wannan ce ta fi yi min ciwo. Abin da na fi kowa iyawa, shi ne ban yi ba.

Ta ce kada in yi shiru da wasiƙar, in nemi lauya a garinmu a nemi sulhu, don kotu za ta iya cinye turamen biyu ba a gama ba.

A bakin gari ta sauka. Na tura mata ƙullin yaji ta taga. Ba ta karɓi ko kwabo ba.

An yi sulhun. Zama huɗu. Aka mai da shekara biyar biyu. Sunan kuwa suka ce atafau, nasu ne.

Allon da hannuna na cire shi. Ban bar kowa ya taɓa ba. Ƙusoshin Malam sun yi tsatsa, sai da na yi da gaske. Yana bayan ƙofar ɗakina yanzu, fuskarsa na kallon bango.

Da shekara biyun ta cika suka daina karɓar nawa. A inji ake niƙa musu wani, a zuba a kwalba, a manna sunana.

Ni kuma ina nan ina daka, ina ƙullawa a farar leda, ba rubutu. Wanda ya sani ya zo. Wanda bai sani ba ya tafi kanti.

Makon jiya a gidan biki wata ta tare ni a gaban mutane. Ta ce Tabawa me ya samu yajinki ne, na saya a kanti duk gishiri, ko tsufa ne ya zo?

Na buɗe baki zan yi bayani.

Sai na ji na gaji.

Na ce ta yi haƙuri.

Darasi: Yatsanka in ya hau takarda, ya riga bakinka magana, kuma shi za a saurara. Ko kai mai digiri ne ko irina, kada ka sa hannu sai an karanta maka kowane layi, kuma wanda zai karanta ya zama naka, ba na mai takardar ba. Ka tambayi shekara nawa, ka tambayi me ka ba da ban da kaya, ka tambayi ƙofar fita. Sunan sana'arka kuwa ka yi masa rajista tun kafin wani ya ga yana da daɗi. Kunyar minti biyar na guje wa. Ga ni nan ina ba da haƙuri a kan yajin da ban daka ba.

Ku tura wa duk wanda kuka san gobe za a miƙa masa biro ko tawada. In bai iya karatu ba, ku karanta masa. Ko ya ce ba ya so.