Hagun Fuseni

Jiya a unguwar Dungu na tsaya kallon samari suna ƙwallon kwando. Ɗaya ya cilla wa abokinsa ƙwallo da hagu, ko a jikinsa. Sai Fuseni ya faɗo min a rai.

Shekarar da Ghana ta samu 'yanci muke wa kwalejinmu wasa tare. Fuseni ɗan unguwar Kukuo ne, dogo, ga gudu, amma ba ya miƙa ƙwallo da hagu. Kafin ya mayar da ita dama, an ƙwace.

Tichan da ke horar da mu, mutumin kudu, ya daka masa tsawa: "Hannu biyu Allah ya ba ka!"

Fuseni ya ce, "Ticha, kyaftin ya girme ni. Yaya zan ba shi abu da hagu?"

"To ba shi, ka nemi gafara."

Da ya fara, tun a wasannin farko hagunsa ta fi damar kowa, amma duk cillawa sai ka ji "Gafara!"

Fuseni ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa. Jiya na tsaya har aka tashi, kunnena na jiran kalmar nan. Babu wanda ya faɗa.

Cikinku akwai wanda ya taɓa jin ta?