Akwatin da bai iya komai ba sai wasa

Baba ya ɗaga akwatin, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ce, "To, yana kama rediyo?"

Ƙarshen shekarun saba'in ke nan, a gidanmu na unguwar Laranto. Kawu Sale, ƙanen Inna, ya dawo daga karatu a Ingila da na'urar wasan da ake jona wa talabijin. Fararen sanduna biyu ne kawai ke buga 'yar ƙwallo a fuskar talabijin.

Kawu ya ce, "Ba ya kamawa, Yaya."

"Kaset fa? Ko buga wasiƙa?"

"Wasa kaɗai ya iya."

"Mai da shi kwalinsa. Marar sana'a ba ya zama a gidana."

Kawu ya roƙa a gwada sau ɗaya, ya haɗa ni da Baba. Na cinye shi tas. Baba ya gyara zama, ya cire hula, ya ce, "Hadiza, a sake."

Sai da Inna ta kira shi cin tuwo sau uku.

Akwatunan wasan jikokina har fim da intanet suna yi, amma ban taɓa ganin sun sa dattijo cire hula ba. Ku fa, wane wasa kuka taɓa cinye babanku?