Yaya Nasiru Mai Fassara da Wanda Ya Ɗauki Hoton

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Abbasiya a nan Alƙahira da safen nan ƙaninsa ya kira ni daga Funtuwa. Yaya Nasiru ya rasu. Tayar motar da ya shiga zuwa Zariya ce ta fashe. Jirgi uku ya zo ya wuce ban iya ɗaga ƙafa ba.

Ɗaliban da suka zo Alƙahira bayan 2013 ba su san shi ba. To ku tsaya ku ji.

Shi ya taro ni daga filin jirgi ranar da na sauka, ba dangin iya ba na baba. Ya bar mini katifarsa, ya yi sati biyu yana kwana a kan darduma. Ranar layin iƙama, wato takardar izinin zama, tare muka tsaya tun asuba har azahar, yana ba ni dabino ɗaya-ɗaya daga aljihu.

Hafizi ne, kuma duk ajinsu ba wanda ya kai shi Nahawu. Amma kowace Alhamis bayan la'asar sai ya buɗe laptop, a ɗora shayi, a sayo koshari, dafa-dukan Misirawa, mu cika falo. Finafinan Indiya ne da wani ɗan ajinsu mutumin Haidarabad yake zuba masa a flash. Kada ka kuskura ka ce Hindi. Nan take zai ɗaga yatsa: "Telugu ne, malam. Yarensu daban, barkwancinsu daban."

Ya fi son na auren haɗi. Dangin saurayi su yi tururuwa zuwa ganin yarinya, ta fito da tiren kofi, shi kuma gogan ya maida kansa wawa don a ce ba a so, sai ya ɗaga kai ya gan ta ya fara neman yadda zai janye wautar. Yaya Nasiru yana karanta Turancin da ke ƙasa yana juya mana shi Hausa nan take. Uwar miji ya ba ta muryar tsohuwar Bakatsiniya, kawun amarya ya koma dillalin shanu. Mun sha yin dariya har mai gida ya buga mana ƙofa. In aka zo waƙa, yawanci tura ta gaba yake yi ya ce, "Yalla, a koma labari."

Shi ma haɗin aka yi masa. Mahaifinsa ya zaɓa masa Maryam, 'yar amininsa, mai karatun jinya. Suka fara waya, suka so juna. Yakan ce, "Ni ba zan yi shirmen jarumin nan ba. Hoto ɗaya na gani na ce tamam."

Yanzu kai. Ba zan kira sunanka ba, ka san kanka.

Ka ci koshari a falon nan. Ka fi kowa ƙyaƙyata dariya. Da wani gidan ma'aikacin jakadanci a unguwar Zamalek suka ɗauki Yaya Nasiru ya riƙa koya wa 'ya'yansu Alƙur'ani suka bar ka, sai ka jira Alhamis, ka jira daidai sakan ɗin da rawa ta hau allo, ka ɗauki hoto. Ka aika wa mahaifin Maryam. Ka aika wa masu ɗaukar nauyin karatunsa, ka aika Zamalek. Ka rubuta cewa ya watsar da karatu ya buɗe gidan kallo, har mata yake tarawa.

Wace macen ce ta taɓa taka falon nan? Faɗi sunan guda ɗaya.

Cikin wata biyu aka yanke tallafinsa, iƙamarsa ta ƙare ba takardar sabuntawa, aka mayar da kayan sa rana. Saura shekara ɗaya ya gama. Kai kuwa ranar Asabar ɗin da ta biyo baya ka sa farar jallabiya ka hau tasi zuwa Zamalek, ka gaji aikinsa.

Abin da ba ka sani ba, da laptop ɗina ka aika saƙon, kuma ka manta ba ka rufe akwatin saƙonninka ba. Na gani da idona. Na adana komai, da sunanka da rana da lokaci.

Na nuna masa ranar da zai tafi, muna zaune kan akwatunansa muna jiran tasi. Ya karanta har ƙarshe, idonsa ya kaɗa. Na ce yau zan tona maka asiri. Ya riƙe hannuna ya ce, "Khalas, Auwalu. Yana da uwa tsohuwa da ta sa rai a kansa. In aka kore mu mu biyu, me aka samu?"

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Shekara biyu na yi shiru saboda shi. Ya koma gida ba takardar shaidar kammala karatu, yana koyarwa a wata Islamiyya. Maryam ta auri wani. Jiya ma neman gurbin ƙarasa karatu ne ya fitar da shi zuwa Zariya. Na san ajali na Allah ne, ban ce kai ka fasa tayar ba. Amma mahaifinsa har yau yana zaton ɗansa ya ci amanarsa, kuma a haka aka binne shi.

Ɗazu na ga ka sa hotonsa ka rubuta "ɗan'uwana abin ƙaunata".

Shi ya yafe maka nasa. Ni ban yafe ba. Kafin azahar na aika wa mahaifinsa saƙon nan naka, da mahaifin Maryam, da duk wanda ka aika wa ƙaryarka. Yau kowa zai karanta. In ka isa ka zo ɗakina ka ce ba kai ba ne. Sauran kuma Allah Ya isa tsakaninmu, mu haɗu ranar da ba a goge saƙo.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Nasiru. Ka sa Alƙur'anin da ke ƙirjinsa ya cece shi, Ka yalwata kabarinsa, Ka wanke sunansa a zuciyar mahaifinsa tun tsohon yana raye. Ka ba mahaifiyarsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Wanda kuma ya taɓa jin ƙaryar nan ya yaɗa ta, ya koma wurin wanda ya gaya wa ya gyara.