Gilashin da Ya Ɗauko Fuskar Gwaggo

Mun tashi da asuba daga Wudil, ni da wani ɗan ƙanen mahaifina, jakar kyamara a cinyata. Muna haye gada ina karanta addu'ar tafiya, amma zuciyata tana cikin jakar nan.

Mahaifina ne ya aike ni. Hawan jinin ido ya cinye masa ido ɗaya, ɗayan ma likita ya ce yana kan hanya. Yayarsa, Gwaggo, tana aure a wani ƙauye bayan Damagaram, rabonsu da juna tun ina makarantar allo. Mijinta ya rasu, sai ya ce in je ta'aziyya a madadinsa, in kuma ɗauko masa fuskarta a babban hoto, don na waya ba ya iya gani. Ya ce, "Fuskarta nake so, ban aike ka ɗaukar gida ba."

Gilasan kyamarata uku ne. Akwai dogo mai jawo nesa, wanda nake cin abinci da shi a kara, kasuwar shanu, ranar Juma'a. Akwai mai faɗi na taron biki. Sai ƙarami, mai jure ƙarancin haske. Na bar mai faɗin a gida, na ɗauki dogon da ƙaramin, ina tunanin idan ta ƙi in matso, sai in ɗauke ta daga nesa.

Daga Kano muka bi ta Kazaure da Daura. Hanya ba laifi, sai dai shingen jami'ai ba iyaka, kuɗin mota kuma ya hau fiye da yadda aka gaya mana. A bakin iyaka aka ce kowa ya buɗe kayansa. Wani jami'i ya ɗaga dogon gilashin, ya leƙa ta baya, ya dube ni.

"Ɗan jarida ne?"

"Mai hoto ne, ranka ya daɗe. Ta'aziyya za ni."

"Da wannan ake ta'aziyya?"

Ya ga sunana da na manna a jikinsa da ajami, ya juya shi sama da ƙasa. Direba ya fara sauke jakunkunanmu. Gumi ya keto mini. Idan aka riƙe kyamarar gaba ɗaya, da me zan koma wa tsoho? Na yi ta salati a zuci. Can jami'in ya ce dogon ba zai shiga ba, ko in bar shi ko in juya. Wani mai shayi a gefe, da ya ji daga Wudil muke, ya ce shi mutumin Ɗankaza ne, can kusa da mu. Ban san shi ba, bai san ni ba. Na naɗe dogon, abin cin abincina, a rawani na miƙa masa amana.

A Damagaram muka ci burodinsu dogo kamar sanda, da kilishi mai yaji. Ɗan'uwana ya rikice da lissafin sefa, kuɗin ƙasar, har mai kilishi ya tausaya masa. Ni ko ɗanɗano ban ji ba.

Mun isa ƙauyen bayan la'asar, a nan na ga abin da ban lissafa ba. Gwaggo tana takaba. Ba ta fitowa tsakar gida saboda maza masu gaisuwa, ɗakinta kuma taga ɗaya ce kamar tafin hannu. Da dogon ne a hannuna, duhu kawai zan ɗauko. Bayan mun gaisa mun yi wa mamaci addu'a, na isar da saƙo. Ta ja mayafi.

"Ba kwalli, ba lalle, haka ƙanena zai gan ni? A'a, Babana. Ka dawo in na fita."

Babana take kirana, don sunan mahaifinsu gare ni. Na ce, "Gwaggo, idonsa ba zai jira ba."

Hasken tagar yana ja da baya a jikin bango, ina kallonsa. Sai ta gyara zama ta fuskanci tagar, ta sassauta mayafin. Na durƙusa gabanta kamar mai ɗaukar karatu, na buɗe ƙaramin gilashin iyakarsa, na riƙe numfashi don kada hannu ya girgiza. Na ɗauka, na sake, na sake, har ta ce ya isa.

A dawowa na tarar da mai shayin yana wanke kofuna. Ya ciro naɗin daga ƙarƙashin teburi yadda na ba shi, ya kuma ƙi karɓar kuɗin shayi. Allah ya saka masa.

A Kano na wanke hoton babba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, kafin ka zaɓi gilashi, tambayi wa za ka ɗauka, a wane ɗaki, a wane hali. Ni na shirya wa nesa, aikin kuma na kusa ne.

Da hantsi na fito da mahaifina rana, na ɗora masa hoton a hannu. Ya kai shi dab da ido, yana bin sa a hankali daga goshi zuwa haɓa. Ban san ko yana gani ba, na kasa tambaya. Can ya ce, "Haƙorinta na gaba ya fita." Ya yi 'yar dariya, ya share ido da hannun riga. "Yaya ke nan. Kada ka ɗauke, bar mini shi tukuna."