Igiyar da Na Kai Issawane

Maijirgi zuwa Tasawa

Na bar Maijirgi ranar Laraba kafin gari ya waye, da jaka a kafaɗa da sabuwar igiya a ciki. Wata biyar ke nan da rasuwar mijina, Yakubu, ya bar ni da yara uku. Na yanke shawarar fara matse man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, amma ko buhu guda ba ni da jarin saye. Abin da ya rage mana jar akuya ce da Yakubu ya ba amininsa Ja'e, wani Bafulatani da ke sauka a gonarmu bayan girbi, da sunan habbanaye. A wannan al'ada ana ba mutum aron akuya ta haifa masa, ya riƙe 'ya'yan, sannan shi da kansa ya maido da uwar. Mai ita ba ya zuwa biɗa. Na san haka sarai, na kuma ɗauki igiya.

Surukata, Inna Saratu, ta raka ni bakin kwalta ta yi mini addu'a. Sannan ta ce, "Rahila, ki tahi ki gaishe su, amma ki bar igiyag ga gida."

Na ce, "Inna, gaisuwa ba ta sayen gyaɗa."

Motar da na samu cike take da buhunan gero. Hantsi bai yi ba muka shiga Tasawa.

Tasawa zuwa Issawane

A tasha na karya da ƙosai da kunu, na zauna jiran motar arewa har rana ta take. Tsohuwar mota ce mai buɗaɗɗen baya, aka jera mu kan kaya. A shingen jandarma aka duba katin kowa, aka bar mu muka wuce. Sau biyu yashi ya riƙe ƙafafun motar, maza suka sauka suna turi, direba yana ta rantsuwa cewa esansi, wato man mota, ya fi fasinja tsada. Muna nausawa arewa gonaki suna raguwa, garken dabbobi suna ƙaruwa.

Da la'asar muka isa Issawane. Na kwana wurin wata mai tuwo a bakin kasuwa, wadda ta ba ni tabarma ta ƙi karɓar komai. Ita ce ta samo mini mai amalanke da ya san rugar Ja'e.

Ruga

Alhamis da safe jaki ya ja mu har rugar. Ja'e ya taso da sauri, ya yi mini ta'aziyya da hawaye, domin labarin rasuwar bai same shi ba sai a ƙurarren lokaci. Na buɗe jaka zan fito da goron da na kawo, igiyar ta faɗo ƙasa tsakaninmu. Ya dube ta, ya dube ni. Kunya ta rufe ni, amma na daure na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Dukiyar marayu ce, ba ni da ta cewa." Ya ɗauki igiyar, ya je ya sa wa akuyar a wuya da hannunsa.

Sai matarsa Hajara ta fito da 'yar ƙwarya. Ta ce, "Yi haƙuri, ƙanwata, in tatsi na yau." Ta tatsa, ta shiga bukka ta fito da jaririya, tana ɗiga mata nonon da ƙaramin ludayi. Jikarsu ce. Uwar ta rasu wurin haihuwa. Na tambaya me ya hana a ba ta na saniya, ga shanu tsaye. Hajara ta ce, "Mun gwada, zawo yake sa ta. Na wagga akuya kaɗai cikinta ya karɓa." Awakin da ta haifa musu kuwa ba su kai haihuwa ba.

Na tuna yarana, na dubi wuyan jaririyar da bai fi yatsu biyu ba. Zuciyata ta karye. Na tashi na kwance igiyar, ban san da me zan koma gida ba.

Can Hajara ta ce, "Dole sai ƙuli-ƙuli? Ga cuku muna yi da nonon shanu, 'yan sari na saye a wulaƙance. Ki kai Tasawa ki sayar, ki aiko da namu ta hannun direba, mu sake aiko miki." Ta jero cuku busasshe a tsakanin tabarmi biyu, Ja'e ya ɗaure kayan tamau da igiyata.

Komawa gida

Na sake kwana Issawane. Ranar Juma'a tun a cikin mota wani malamin lakkwal, wato makarantar boko, ya sayi cuku biyu, shi ne cinikina na farko a duniya. Da magariba na sauka Maijirgi. Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni, na gode wa mai tuwo da mutanen ruga.

Inna Saratu tana zaune a ƙofar gida. Ta leƙa bayana ba ta ga akuya ba, ta shafa igiyar da ke jikin kayan.

Ta ce, "Ina akuyar Yakubu?"

Na ce, "Tana shayarwa, Inna."